Kwaltar Da Ta Ƙi Yin Baƙi

Ƙarfe takwas da kwata na safiyar Alhamis aka bugo wa Insifekta Herminia Oyarzún waya, aka ce an tsinci gawa a sansanin masu aikin hanya, kudu da garin Cochrane.

Kafin ta isa har an yanke hukunci. Froilán Vera, mai gwajin ƙasa da kwalta na kamfanin, yana kwance a bayan rola, motar danne hanya, ƙeyarsa a fashe. Mai tuƙa rolar, Yasna Barría, tana zaune a kan durom.

"Baya ta yi ba ta duba ba," in ji Don Baldomero Mansilla, shugaban ma'aikatan. "Na sha faɗa, mai goyo jikinta ne kawai a wurin aiki."

"Ko mukulli ban murɗa ba," in ji Yasna. "Ranki ya daɗe, watan 'yata bakwai. Tana hannun maƙwabciya, sha biyu nake zuwa ba ta nono. In kuka tafi da ni, wa zai..."

"Ba wanda ya tafi da ke tukuna."

Insifekta ta dafa injin rolar. Sanyi ƙalau.

"A wannan sanyin minti goma ya ishe shi hucewa," Don Baldomero ya yi saurin cewa.

Ta durƙusa gaban gawar. Gwiwoyin wandonsa da tafin hannunsa sun ɓaci da wani abu mai danƙo, ruwan ƙasa-ƙasa, kamar kofi da madara. Ta lakato da yatsa.

Ta sami direban tankin kwalta, Nibaldo, a bayan motarsa yana zuƙar shayin mate. Ya miƙa mata ƙoƙon, ta girgiza kai, ta nuna masa yatsarta da ta ɓaci.

"Mene ne wannan?"

"Abincinmu ke nan, ruwan kwalta. Kwalta ce aka dama da ruwa. Mu cakuɗa ta da tsakuwa, Yasna ta bi ta danne, ruwan ya fita, ƙasan hanya ya kame. Tana sabuwa haka take. Ta sha iska rabin yini, sai ta koma baƙa wuluk kamar zuciyar surukata."

"Yau kun zuba?"

"Yau? Ko kare bai fito ba."

"Yaushe rabonku da zubawa?"

"Litinin. Kilomita ta tara."

"Kwana uku ke nan. To a ina mamaci ya sami wadda ba ta yi baƙi ba?"

Nibaldo ya dubi cikin ƙoƙonsa. "Litinin an yi rana sosai."

"Ban tambaye ka rana ba. Tashi mu je."

A kilomita ta tara hanya ta yi sumul, an baɗe ta da yashi. Insifekta ta sa dunduniyar takalmi ta kankare. Ƙarƙashin yashin jiƙe yake, ruwan ƙasa-ƙasa, tsakuwa na zamewa kamar wake a miya. A gefe akwai ɗan rami da aka mayar da ƙasarsa a gaggauce. Ta tone, sai ga ma'aunin zafi a karye, a ƙasansa ƙanƙara. Wani dutse a kusa yana da jini.

"Ashe an yi rana," ta ce.

Nibaldo ya cire hula. "Ƙasa a daskare take, ranki ya daɗe. Na ce masa kwaltar nan ba za ta kama ba. Ya ce in zuba ko in sauka daga mota."

"Wa?"

Ya dai waiwaya wajen sansani.

Sha ɗaya da rabi suka koma. Yasna na duban agogo, gaban rigarta ya fara jiƙewa, tana ƙoƙarin rufewa da jaket. Insifekta ta gani, ta kau da kai, ta zagaya bayan ɗakuna. A gindin famfon da ke ƙofar ɗakin shugaban ma'aikata, ruwan da ya zuba ya daskare. Ƙanƙarar ba fara ba ce, ruwan ƙasa-ƙasa ce. Ta kira Don Baldomero da Nibaldo.

"Don Baldomero, yaushe rabonka da kilomita ta tara?"

"Litinin."

"Takalminka fes."

"Tsabta laifi ce?"

"Nibaldo, da me ake wanke kwaltar da ta yi baƙi?"

"Kananzir. Ruwa ba ya ko taɓa ta."

"Wadda ba ta kama ba fa?"

"Wannan kam ruwan famfo ma ya isa."

Ta ɓallo gutsuren ƙanƙarar, ta ɗora wa dattijon a tafin hannu. "Da ni ce, da kananzir zan nema, don ban san aikin ba. Kai ka sani. Ka dubi launin wadda ta ɓata takalminka ka nufi famfo. A duk hanyar nan wuri ɗaya ne yake da irinta yau da safe."

Ƙanƙarar ta fara narkewa tsakanin yatsunsa. Ya daɗe yana kallonta.

"Froilán cewa ya yi sai an tone kilomita biyu," ya ce a hankali. "Saura kwana shida a rufe aiki sai bayan sanyi. 'Yata tana can ƙarshen hanyar, watan Yuli za ta haihu, tsakiyar sanyi. Bara motar asibiti ta kafe a laka awa biyar, jaririnta bai zo da rai ba. Na roƙe shi. Yana durƙushe yana aunawa, ko ɗagowa bai yi ba. Na ture shi kawai, kansa ya sami dutse."

"Sai ka ɗauko shi a mota, ka ajiye a bayan rolar mai goyo."

Ya saki ƙanƙarar ta faɗi ƙasa.

"Kuma hanyar da ka rufe da yashi, ranar da ƙanƙara ta narke za ta farfashe, ko da motar asibiti a kai. Abin da yake gaya maka ke nan."

Kofur ɗin da ya rako Insifekta ya sa masa ankwa, ya kai shi mota. Yasna ta miƙe tsaye.

"Ranki ya daɗe, sai na rubuta bayani?"

Insifekta ta dubi agogo. Sha biyu saura minti takwas.

"Bayani zai jira. Nibaldo, ajiye ƙoƙon nan ka kai ta gida."