Yarinyar Da Ta Shanye Madarar Kaka

A garin Duluth, a bakin babban tafki, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana zaune da mamanta da kakanta, Kaka Wendell. Kaka tsohon matuƙin jirgin ruwa ne, ga shi da barkwanci.

Wata shekara ciwon daji ya kama Kaka a maƙogwaro. Likitoci suka yi masa aiki suka cire shi. Amma da sauran aiki. Suka ce sai an gasa wurin da wani haske mai ƙarfi, don kada ciwon ya dawo. Kuma ba a son a daɗe ba a fara ba.

Ranar shiri, Mama ta tafi da yarinyar asibiti. Wata ma'aikaciya mai suna Odette ta bar ta ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo.

Odette ta ɗauko wata farar roba mai ƙananan huji kamar raga. Ta tsoma ta a ruwan ɗumi har ta yi laushi. Ta shimfiɗa ta a fuskar Kaka da wuyansa, tana dannawa a hankali. Jim kaɗan robar ta sandare. Da aka ɗaga ta, sai ga Kaka na biyu! Ga hancinsa, ga haɓarsa, har da lotsawar da aikin ya bari a wuyansa.

Yarinyar ta saki baki, ta kasa ko ƙifta ido.

"Anti, me za a yi da ita?"

Odette ta ce, "Ita za ta riƙe masa kai. Hasken ba a ganinsa, amma yana zuwa daidai inda aka auna. In kai ya gota ko da faɗin ƙwayar shinkafa ne, sai ya taɓa wurin da ba ruwansa." Ta juya ga Kaka. "Baba, ka ji ko? Ban da rama. Yadda fuskar nan take yau, haka nake son ganinta ranar da za mu fara."

Kaka ya ce, "Kyakkyawar fuska irin wannan, wa zai yarda ta lalace?"

To, faɗa da baki ba wuya. Haɗiya tana yi wa Kaka zafi ƙwarai. Mama takan haɗa masa madara mai kauri da cakulan da niƙaƙƙiyar gyaɗa, ta ba yarinyar ta kai masa ɗaki.

Ran nan Kaka ya dubi kofin, ya ɓata rai.

"Ke jikalle, taimaki tsoho mana. Shanye kafin uwarki ta shigo."

"Kaka, ai taka ce."

"Na ba ki. Wallahi ji nake kamar ƙusa nake haɗiya."

Tausayi ya kama ta. Gaskiya kuma, kwaɗayi ma ya kama ta. Ta ɗaga kofi ta shanye tas. Mama ta ga kofi ba komai, ta yi murna. Kashegari aka sake, jibi ma haka. Abu ya zama sirrinsu su biyu.

Ranar fara gashi ta zo. Kaka ya kwanta, Odette ta ɗora masa fuskar roba. Sai ta tsaya. Ta zura yatsa tsakanin robar da kumatunsa, yatsa ya shige ba wahala.

Ta fito wurin Mama ta ce, "Ba za mu iya farawa yau ba. Ya rame, kansa yana motsi a ciki. Sai an yi sabuwa, an sake awo. In kuma ramar ta ci gaba, likita zai sa masa bututun ba da abinci ta ciki."

Mama ta dafe kai. "Rama kuma? Ai kullum sai ya shanye madararsa!"

Yarinyar tana gefe tana jin su. Ta tuna cewa ba a son jinkiri. Hawaye suka cika mata ido.

"Mama, ni ce nake shanyewa. Ya ce da zafi, sai na ji tausayinsa."

Mama ta ja ta suka shiga ɗakin. Sannan ta juya ga Kaka.

"Baba, haba don Allah! Yarinya ka saka?"

Kaka ya sunkuyar da kai. Barkwanci ya ƙare. "Laifina ya fi nata," in ji shi.

Mama ta riƙe hannun 'yarta. "Na san don tausayi kika yi. Amma da kin faɗa mini yana jin zafi, da mun gaya wa likita tun tuni."

A ranar likita ya ba Kaka maganin kurkure baki mai rage zafin haɗiya. Aka yi masa sabuwar fuskar roba. A gida kuwa, yarinyar ta zama soja.

"Jikalle, ko ɗan kurɓi ɗaya ba za ki taya ni ba?"

"Ko ɗigo, Kaka. Ɗaga kofi, ina kallo."

"Kai, wannan yarinya ta fi uwarta tsanani!"

Da aka koma asibiti, robar ta zauna daram. Kowa ya fito aka bar Kaka a ciki, aka rufe wata ƙofa mai kauri. Odette ta nuna wa yarinyar Kaka a allon talabijin. Wata ƙatuwar na'ura tana zagaya kansa a hankali. Ba wuta, ba hayaƙi, ba abin da ya taɓa shi. Amma tana aikinta. Yarinyar ta riƙe numfashi har na'urar ta tsaya.

Kaka ya fito da zanen raga a goshi da kumatu.

"Kaka, fuskarka!"

Odette ta yi dariya. "Alama ce robar ta kama shi sosai. Haka muke so."

Kaka ya rungume jikarsa. "Wannan zanen aikinki ne," in ji shi.

Aka gama gashi lafiya, Kaka ya warke. Ita kuwa yarinyar ta koyi darasi. Ba duk abin da mara lafiya ya roƙa ne zai taimake shi ba, kuma ba a ɓoye wa iyaye abin da ya shafi lafiya. Wani lokaci wanda yake ƙaunarka shi ne zai ce maka a'a.