Kofin da Ba a Kife Ba

"Mama, kin haɗa da fatata."

"To ki daina motsi."

Noreen ta daina motsi. Misis Prowse ta zare fil ɗin, ta sake soka shi, ta jera lambobin yabon ɗanta a ƙirjin matarsa, ta ɓangaren dama. Hagu na waɗanda suka je yaƙin da ƙafarsu ne.

Ranar Anzac ce, ranar da garinmu Coolabarra yake tuna mutanensa da yaƙi ya ci. A irin wannan rana akan wanke mutum-mutumin sojan da ke dandali, a kuma fito da Noreen cikin baƙar riga a sa ta a motar gaba. Wata uku ta zauna da Lachlan Prowse. Ta shekara tara tana zaune da hotonsa.

Lachlan shi ne kwamandan matuƙan jiragen yaƙin da suka yi horo a filin da ke bayan gari kafin a tura su New Guinea. Wata safiya a 1942 ya tashi bai sauka ba. Ba a ga gawa ba, saboda haka takardar soja ta ce ya ɓace, uwarsa kuwa har yau tana goge masa takalmi.

"Merle Dunstan ta zo jiya," in ji tsohuwar.

"Da ƙonannen kek ko da labari?"

"Ta ce Desmond Kinnane zai kife kofin yau. Ta ce an gan shi a shagon zobba a Toowoomba."

"Allah ya sa gaskiya ce."

"Noreen!"

"Mama, shekarata talatin da ɗaya..."

"Ya bar ɗana a sama ya dawo da ƙafafunsa biyu. Yanzu kuma kujerarsa yake so." Ta gyara lambar ƙarshe da ɗan yatsa, ta daɗe tana shafa ta. "Muddin kofin nan yana tsaye, ke matar aure ce. Ɗauko hularki."

Maganar kofin kuwa kowa a garin ya san ta. Matuƙan sun bar kofunansu na ƙarfe a kan kantar mashayar Clarrie Voss, kowanne da sunan mai shi. In mutum ya mutu, abokin da yake tsare masa baya a sama shi ne zai cika kofin da giya, ya shanye a tsaye, ya kife shi. Babu wanda ya isa ya yi sai shi. Mai tsaron bayan Lachlan shi ne Des Kinnane, wanda yanzu yake gyaran tarakta. Kowace shekara Clarrie yakan cika kofin, Des ya tsaya ya kalle shi har kumfa ta kwanta, sannan a zubar, a mayar da shi tsaye a tsakiyar kifaffu.

A dandali shugaban gari ya yi jawabinsa. Lachlan yana ƙara tsawo a bakinsa kowace shekara. Bana har ya kusa taɓa rufin coci. Sannan aka karanta sunaye. Snowy Arkell, wanda bai fara aske gemu ba. Titch Mulvey, da ya iya busa sarewa da hanci. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Pascoe da suka tafi a mako ɗaya. A nan ne kawai babu wanda ya yi tari. Noreen ta san su duka, ta yi rawa da rabinsu, kuma ita ma ta sunkuyar da kai da gaske.

Da aka watse ta tarar da Des a bayan rumfar shayi, hularsa a hannu yana murza ta.

"Noreen... hasken idona..."

"Ka ajiye hasken idon. Za ka kife ko ba za ka kife ba?"

"Ki ba ni shekara ɗaya."

"Na ba ka bara."

"Wannan daban ce. Merle ta ce likita ya duba zuciyar Misis Prowse. Ta ce in ta ji an kife kofin, ba za ta kai dare ba."

Noreen ta dube shi tun daga takalmi har gashi. Merle Dunstan ta saƙa wa mutumin nan rigunan sanyi har karensa yana kwana a kan ɗaya, amma bai taɓa tambayar kansa dalili ba.

"Mama ta faskara itace jiya da safe, Des. Da gatari."

"Amma Merle ta ce..."

"Ta ce wa Mama ka sayi zobe. Ka saya?"

Kunnuwansa suka yi ja. "Tun bara waccan. Yana cikin gwangwanin noti a gareji."

"Gwangwanin noti."

"Ba ya tsatsa a wurin."

"Kai ka tunkari jiragen Japan a sama, amma tsohuwa mai hular gashin tsuntsu ta hana ka barci?"

"Ba ita kaɗai ba ce." Muryarsa ta yi ƙasa. "In na sha, garin nan zai ce don in same ki na sha. Ni kaina ba zan san ko ƙarya suke yi ba. Abokina ne, Noreen."

Ta so ta ji tausayinsa, ta ma ji, amma sai ga Merle da faranti.

"Desmond, ga shayinka, cokali biyu yadda kake so. Noreen, 'yar'uwa, baƙi yana yi miki kyau ƙwarai. Kada ki taɓa cire shi."

"Na gode, Merle. Karensa ma yana gaishe ki. Ya ce shuɗiyar ta fi ɗumi."

Da rana ta take, maza suka cika mashayar Clarrie. Mata ba sa shiga wannan ɗakin. Nasu yana ta baya, mai labule da kujeru huɗu, ko kuma su tsaya a kan titi su jira mazansu ta taga. Clarrie ya sauko da kofin Lachlan, ya cika, ya ajiye a gaban Des. Kamar yadda aka saba, kowa yana jiran kumfa ta kwanta ya koma ga hirarsa.

Ƙofa ta buɗe, lambobin yabo suka yi ƙara.

"Noreen, 'yata," in ji Clarrie, "kin ɓata hanya. Ɗakin mata yana ta baya."

"Na san inda yake, Kawu Clarrie. Ni na ɗinka labulen."

"'Yan sanda za su rufe mini wuri."

"Ga sajan can yana ɓoye kofinsa a bayan hula. Barka da rana, Sajan."

Ta ratsa su. Mazan da suka kwana cikin laka ana yi musu ruwan bama-bamai suka riƙa ja da baya kamar ta shigo da maciji. Ta tsaya kusa da Des, ta dubi jerin kifaffun kofuna, ta dubi na mijinta.

"Kun san Lachlan yana tsoron agwagi?"

Ta juyo ta fuskanci mazan.

"Agwagwar Mama ta taɓa korarsa har kan tankin ruwa, da kakinsa da komai. Yana minshari. Yana cin albasa ɗanya ya ce in sumbace shi. Ina son sa, kuma zan iya rantsewa da ya ga abin da kuke yi da kofin nan da ya zage ku ɗaya bayan ɗaya. Ya tsani a bar giya ta huce."

Wani a bayan ɗaki ya yi dariya, ya haɗiye ta.

"Des, in ba za ka sha ba, ni zan sha."

Ta kai hannu. Clarrie ya dafe ƙirji.

"Ajiye kofin ɗana."

Misis Prowse ce a taga, a kan titi, da hularta mai gashin tsuntsu. Merle tana bayanta, tana haki saboda gudun da ta yi ta kirawo ta.

Noreen ta ajiye, ta je tagar. Tsohuwar ba fuskarta take kallo ba. Ƙirjinta take kallo, ɓangaren dama, kamar yadda ta yi da safe, kamar yadda take yi kowace shekara.

"Mama, mene ne kike tsoro?"

"Ba na tsoron komai."

"Mama."

Tsohuwar ta ɗago ido ta dube ta.

"Ni na haife shi. Ni na zauna da shi lokacin ƙyanda. Amma da takardar soja ta zo, sunanki ne a kai. Akwatinsa gare ki aka kawo. Waɗannan ma ke aka ba, wai ke ce magajiya, ke mai wata uku. In kika fita daga gidana da su, me ya rage mini? Takalmi?"

Noreen ta rufe ido. Shekara tara suna cin abinci a teburi ɗaya, suna maganar farashin ƙwai.

"Da kin tambaya."

"Ba a roƙon irin wannan."

Noreen ta ɓalle lambobin, ta miƙa hannu ta taga, ta kama rigar tsohuwar ta ɓangaren dama.

"Kin soke ni."

"To ki daina motsi."

Misis Prowse ta daina motsi. Da aka gama ta ɗora tafinta a kansu, ta daɗe a haka. Sannan ta ɗaga kai, ta nemo Des a cikin maza.

"Desmond Kinnane. Zo nan."

Ya zo kamar ɗan makaranta.

"Ka ce mini gajimare ya rufe shi, ba ka ga komai ba."

"Haka na ce, Misis Prowse."

"Aikinka kenan ka kalli bayansa. Ka ɗauka ni sakarya ce? Ka gani ko ba ka gani ba?"

Ya dafa katakon tagar.

"Na gani. Biyu ne suka biyo ni, ya juyo ya ɗauke su daga kaina. Aka same shi a injin jirginsa. Teku ya faɗa."

"Ya daɗe?"

"A'a. Ko kaɗan."

Ta gyaɗa kai sau da yawa, hawaye yana bin kumatunta, ba ta share ba.

"Shekara tara ina goge takalmi saboda babu namiji a garin nan da zai iya buɗe baki. To me kake jira kuma? Giyar tana hucewa."

"Misis Prowse, zuciyarki..." in ji Merle.

"Zuciyata ta fi kek ɗinki lafiya. Matsa, kina taka mini ƙafa."

Des ya koma kanta. Maza suka cire huluna. Ya ɗaga kofin da hannu biyu.

"Kwamanda," ya ce, "na bar ka tsaye da yawa. Ka yi haƙuri."

Ya shanye, ya kife shi tsakanin na Snowy Arkell da na Titch Mulvey. Ƙarar ba ta fi ta murfin tukunya ba. Clarrie ya juya baya, ya kama goge kwalbar da ba ta da datti.

Des ya waiwayo, idonsa jawur.

"Noreen, masoyiyata, za ki..."

"Goge kumfar bakinka tukuna. Kuma ba zan amsa a mashaya ba, ni 'yar mutunci ce. Je ka ɗauko gwangwanin noti."

An ɗaura auren a watan Satumba. Amarya ta sa rawaya, zoben kuma yana ɗan warin man inji. Merle ba ta zo ba, amma ta aiko da rigar sanyi, kare ya samu ta biyu.

Da Ranar Anzac ta zagayo, Misis Prowse ce a motar gaba, lambobi a ƙirji, tana zaune kamar sarauniya. Noreen tana cikin taro a gefen titi, da ciki wata shida, hannunta cikin na Des. Shugaban gari ya kai wurin da yake cewa Lachlan Prowse bai taɓa sanin tsoro ba.

Tsohuwar ta leƙo ta tagar mota.

"Ban da agwagi," ta ce, yadda kowa zai ji.