Ofishin Saman Shagon Taya

Tun da hantsi Auta take kaiwa da komowa tsakanin falo da kicin, waya a hannu. Ta ɗauki kofin shayi ta ajiye, ta buɗe laftof ta rufe.

"Ke wai lafiyarki?" Mama ta ce tana ninke wanki. "Kin sa ni jiri!"

"Mama, tun ranar da Dogo ya kai ni gaida Ummansa bai sake kirana ba."

Dogo saurayinta ne tun suna jami'a, yanzu yana aiki a banki. Ita kuwa malanta ta karanta, har Abba ya samo mata gurbi a wata babbar makaranta, ta ce a yi mata haƙuri. Wani ɗan ƙaramin kamfani ta shiga, na matasa masu haɗa manhajar waya da marar lafiya zai riƙa kama layin ganin likita daga gida. Da amsa kiran masu ƙorafi ta fara, ta koyi sauran a intanet, har ta zama ita ke zama da mutane tana lura da inda manhajar ke rikita su.

Abba ya sauke jarida. "Ai ba laifin mahaifiyarsa ba ne. Digiri a hannunki, kin je kin tare a saman shagon taya da yara masu gajeren wando! Kamfanin da ko allon suna ba shi da shi!"

Kafin ta amsa, wayarta ta yi ƙara. Dogo ne, yana bakin get. Ta fita da gudu, takalmi wari da wari.

Ya jingina da mota, ya kasa kallon idonta. "Umma ta ce ba za ta karɓi surukar da ba a san sunan aikinta ba. Ko ki kama koyarwa, ko —"

"Ko me? Ƙarasa mana!"

"Don Allah, Auta, ki fahimce ni."

"Na ji abin da Umma ta ce. Kai me ka ce?"

Ya kau da kai yana murza makullin mota.  Hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu.

"Ba zan bar aikina ba, kuma ba zan shiga tsakaninka da mahaifiyarka ba. Ka gaida gida."

Daga ranar zama ya gagare ta. A ofis ma abubuwa suka dagule: manhajar ta riƙa tsayawa, abokan aiki biyu suka gudu, mai ginin ya fara zancen su tashi. Sau da yawa takan tashi ta nufi teburin shugabar kamfanin don ta ce ta ajiye aiki, sai ta zarce wajen taga ta tsaya kallon masu facin taya. Idan ta koma gida ta faɗa jikin Mama ta yi ta kuka.

"Yi kukanki," Mama kan ce, "amma kada bakinki ya furta mummunar kalma a kan uwar wani. Tsoro ne ke damunta, ba ƙiyayya ba."

Wata Talata ta tara dattawan mata suna gwada manhajar, sai ta ji ana haki a matakala. Ƙofa ta buɗe — Umma ce, riƙe da gwiwa, Dogo a bayanta!  Auta ta durƙusa ta gaishe ta.

"Ni na kawo ta," Dogo ya ce a hankali. "Na faɗa mata ba zan yi aure ba sai da albarkarta, kuma ba zan auri wata ba. Na roƙe ta ta gani da idonta."

Umma ta bi ɗakin da kallo: kujerun roba, wayoyin lantarki a ƙasa kamar macizai, fanka na kuka, ga warin taya. Ta taɓe baki. "Wannan ne ya fi ɗana daraja?"

Wata tsohuwa cikin masu gwajin ta miƙa mata waya. "Baiwar Allah, zauna ki taya mu. Mu dai abin ya gagare mu."

Umma ta zauna don gwiwarta ta huta, ta karɓa a yatsine. Ba a jima ba ta ɗaga murya. "Wannan rubutu ai sai mai idon shaho! Kuma mene ne wannan alamar? Ni da nake wuni a layin asibiti saboda ƙafar nan, haka za ku taimake ni?"

Auta ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. "Gaskiya ne, Umma. Ina kika so ki danna da farko?"

Umma ta harare ta, sannan ta nuna. Haka suka yi ta yi, ita tana faɗa, Auta tana tambaya, har sauran matan suka watse. Umma ta tashi ta tafi ba ko sallama. Auta ta kwana tana juyi, ta tabbata komai ya ƙare.

Talata na zagayowa sai ga Umma da ƙawayenta biyu, ba Dogo. "An gyara abin nan ko kuwa? Ku matsa, ni zan koya musu!"

Kamfanin bai tsaya da ƙafarsa nan take ba; sai da aka sha wuya kafin asibitin farko ya karɓi manhajar. Amma tun kafin nan Umma ta taka da kanta har falon Abba.

"Na zagi aikin yarinyar nan a gaban mutane, ta jawo kujera ta zauna kusa da ni," ta ce. "Ku ba mu ita, kada wani ya riga mu."

Auta na bayan labule, ta toshe baki tana dariya tana hawaye.

'Yan uwana matasa, ba kowane aikin kirki ne iyayenmu suka san sunansa ba. Idan kun zaɓi hanyar da ba su saba gani ba, kada ku sake ta don tsoro, kuma kada ku ɗaga musu murya. Ku riƙe aikinku, ku riƙe ladabinku, ku ba su lokaci su gani da idonsu.