Rakiya Daga Nesa

"Umma! Umma, ga shi na karɓo!"

Mas'uda ce ta faɗo tsakar gidansu da ke Panshekara, ko sallamar kirki ba ta yi ba, tana ɗaga satifiket ɗinta na difloma sama. Umma Sauda na durƙushe gaban murhu tana suyar awarar da ma'aikatan kamfanonin Challawa ke saye in sun taso aikin yamma. Ta ɗago ta dubi takardar sau ɗaya, ta mayar da idonta kan kasko.

"To, madalla. Ke, miƙo min matsamin can."

Shi ke nan fa! Karatun da yarinya ta sha wuya a kansa, madalla ɗaya ta tashi da shi. Mas'uda ta miƙa matsamin. Daidai lokacin ƙanwarta Bilkisu ta shigo daga islamiyya, nan take fuskar Umma ta washe.

"Bilkisu 'yar albarka, zo ki ci da zafinta! Wa ya taɓa min ke na ga kin ɓata rai?"

Mas'uda ta shige ɗaki, ta kifa kanta a kan katifa, ta yi kukanta ba mai lallashi.

Ba wai Umma muguwa ba ce, a'a. Mas'uda 'yar fari ce, ita kuwa Umma haifaffiyar ƙauyen Challawa ce, tarbiyyar mutanen da, waɗanda ke kunyar ɗan fari har su koma ga Allah. Ba sa kiran sunansa, ba sa yabonsa, ba sa jan sa a jiki a gaban mutane. Ana yaye Mas'uda aka kai ta wurin kakarta, sai da tsohuwar ta rasu ta dawo gida, ta tarar da ƙanne sun cika cinyar da ba ta taɓa hawa ba. Tun daga lokacin, sunanta a bakin Umma bai wuce "ke", ko "yarinyar nan", ko "yayarku" ba. Kowa ya ce mata al'ada ce. To, al'adar ce za ta rungume ta ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita?

Ana cikin haka sai ga wayar Kawu Labaran, ƙanin mahaifinta da ke zaune a Ibadan. Ya samo mata aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin lemo, irin abin da ta karanta sak, ga ɗaki a gidansa, matarsa ma har ta share. Abin da ya rage ta ce to.

Malam Inuwa, mahaifinta, ya dawo daga kamfanin fata inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa, ya zauna a kan tabarma ya saurari zancen har ƙarshe.

"Aiki mai kyau ne, kuma gidan ɗan'uwana ne," ya ce. "Amma ga maganar yaron nan Uwaisu da manya suka shiga. Ni ba zan ce je ki ba, ba zan ce zauna ba. Ki ji ta bakin mahaifiyarki."

Mas'uda ta juya ta dubi Umma. Wallahi da Umma za ta ce "ina za ki ki bar ni", da a take ta kira Kawu ta ba shi haƙuri. Umma kuwa ta ci gaba da tsince waken suya a faranti, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ni me zan ce, Malam? Abin da kuka gani shi ne daidai."

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa Mas'uda tsawo. Makaranta ta ƙare, ƙawaye sun watse, wata an kai ta ɗakinta a Ɗorayi, wata ta bi yayanta Kaduna, wayarta sai ta wuni ba ta yi ƙara ba. Takan zauna a bakin taga tana jin gurnanin injinan kamfani daga nesa, iska na kawo warin jima, tsakar gida kuma Umma da Bilkisu na ta hira suna shewa. Gida cike da mutane, amma ita kamar baƙuwar da ta yi ɓatan hanya. Ta ɗauko akwatinta ta fara jera kaya a hankali, tana yi tana jan zip da ƙarfi ko wani zai leƙo ya tambaya. Ba wanda ya leƙo.

Ranar Laraba bayan la'asar Uwaisu ya zo zance. Makanikin inji ne a wani kamfanin roba, aikin dare yake yi, shi ya sa kullum zuwansa da sauran rana ne, idanunsa jajur don barcin da bai ishe shi ba. Suka gaisa a zaure, ta zauna can nesa tana wasa da gefen hijabinta.

"Na yanke shawara," ta ce. "Gobe zan je tasha in yanki tikiti."

Ya gyara zama ya dube ta.

"Mas'uda, kin san ba zan iya bin ki ba. Mahaifina ba ya ko tashi sai an ɗaga shi, ni ne hannunsa ni ne ƙafarsa."

"Na sani. Ban ce ka biyo ni ba."

"To ni ya kike so in yi da raina? Ina son ki, kin sani, duk unguwar nan ma sun sani!"

"Kai ɗin ma yaushe nake ganin ka? Dare kana shif, rana kana barci. In an yi auren ma ni da bango za mu zauna." Muryarta ta karye. "Na gaji, Uwaisu! Na gaji da zama inda in na nan da in ba na nan duk ɗaya ne. Uwar da ta haife ni – ta haife ni fa – aka ce zan tafi Ibadan, ko kai ba ta ɗaga ba!"

"Au, dama ba aikin ne ya ja ki ba?"

"Aikin ma ina so!"

"In don aikin ne, wallahi ni zan ɗaukar miki akwati har mota, in dawo in jira abin da Allah zai yi. Amma wannan ba tafiya ba ce, yaji ne za ki yi wa Umma."

"Ka kira shi duk abin da ka ga dama."

Uwaisu ya murza hularsa.

"Alfarma ɗaya nake nema. Goben ki fito da sassafe, lokacin da kika saba fita makaranta. In kin hau a-daidaita-sahu a bakin titi, ya fara tafiya, ki waiwaya ki dubi bayan rumfar injin markaɗe."

"Me zan gani a can?"

"Na yi alkawari ba zan faɗa da bakina ba. Ke dai ki waiwaya."

Ta taɓe baki. Ita a ganinta dabarar samari ce, so yake ya tsaya a can ya yi mata fuskar tausayi.

Washegari ta shirya, ta durƙusa ta gaida Malam Inuwa, ta ce za ta tasha. Umma ba ta nan, ta riga ta fita da bokitin waken suyarta kamar kullum. Wannan ma wani abin haushi ne a gidan: ga injin markaɗe a lungunsu, amma Umma sai ta taka har bakin titi, wai na can ya fi laushi, kuma ba ta yarda a kai mata.

Titi ya cika maƙil. Motocin kamfani na sauke 'yan aikin dare suna kwasar na safe, manyan tireloli na fitowa daga Challawa suna ta hon, masu shayi na ta fama da jama'a. Mas'uda ta tsayar da a-daidaita-sahu ta shiga. Har ta ƙudurta ba za ta waiwaya ba, amma da ya fara gungurawa sai wuyanta ya juya da kansa.

Can tsallaken titi, a bayan rumfar markaɗe, wata mata ce tsaye cikin shuɗin hijabi, ta raɓe jikin langa-langa, rabin fuskarta kawai ake gani. Bokitinta na ajiye a ƙasa, an gama markaɗen tuni. Idonta na kan a-daidaita-sahun, leɓunanta na motsi, ta tofa addu'a a tafin hannu ta hura ta wajen titi. Sannan ta kama bakin hijabin ta share ido.

Umma ce.

"Tsaya! Malam, don Allah tsaya!"

Kafin direba ya gama taka birki Mas'uda ta dire, ta yanki titi da gudu, ba ta duba hagu ba ba ta duba dama ba. Ga tirela ta taho da kaya niƙi-niƙi!

"Mas'uda! Mas'uda! Wayyo 'yata!"

Ihun ya keta ƙarar injin markaɗe da hon ɗin motoci. Mas'uda ta tsaya cak, ba don ta ga motar ba, sai don muryar da ta kira sunan. Tirelar ta wuce ta gabanta, iskarta ta fizgi hijabinta, yaron motar na zazzaga mata masifa. Ko jin sa ba ta yi ba.

Umma ta iso ba takalmi, ta yi fatali da bokitin, ƙullu ya malale a ƙasa. Ta cafko ta, ta ja ta gefen titi, tana shafa kanta da kafaɗunta tana duba ko ta ji ciwo.

"Ba ki da hankali ne? Kashe ni za ki yi? Innalillahi!"

"Umma... sunana kika kira."

Sai a lokacin Umma ta farga. Ta dubi jama'ar da suka taru, ta saki yarinyar da sauri, ta ja hijabi ta rufe baki.

"Ni markaɗe na kawo," ta ce a hankali.

"Markaɗen da aka gama tun ɗazu?" Uwaisu ne, da kakin aikinsa duk baƙin mai, saukowarsa ke nan daga motar kamfani. Ya durƙusa har ƙasa. "Umma, ku yafe ni, ban faɗa ba, amma na nuna. Mas'uda, tun ranar da kika fara zuwa kwaleji, duk safiyar da na sauka a nan sai na gan su a bayan rumfar can, ko ana ruwa. Ba sa tafiya sai kin hau mota kin ɓace. Ni da farko ma ban san ki ba. Na ce bari in ga wace ce ake kallo haka, idona ya bi nasu, shi ne ya sauka a kanki."

Mas'uda ta zube a wurin, ta rungume ƙafafun mahaifiyarta tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Umma, me ya sa ba ki ce in zauna ba? Kalma ɗaya fa!"

Umma ta kau da kai, hawaye na bin kumatunta.

"Da wane bakin? A ce na tare wa 'yar fari arzikinta don son kaina? Haka aka yi mana, haka muka tashi muka gani. In alherinki na can, ki je, na yafe miki duniya da lahira." Sannan ta ƙara da muryar da sai an kasa kunne. "Ni dai abin da ke damuna, in kin tafi ban san wa zan riƙa rakowa ba."

Ba a yanki tikiti ba ranar. Mas'uda ta yi istihara, ta yi shawara da mahaifinta, wannan karon da zuciya a sanyaye, sannan ta kira Kawu Labaran ta ba shi haƙuri. Ya yi faɗa sosai, ya ce ta yi wasa da damarta, kuma ba ƙarya ya yi ba, don ta daɗe a gida tana yawon intabiyu ana ce mata a dawo. Akwai ranakun da ta zauna a bakin tagar nan ta tuna Ibadan har ta yi ƙwalla. Amma ta daure, Uwaisu ma ya daure. Bayan babbar salla wani kamfanin biskit a Bompai ya ɗauke ta, aikin bai kai na can ba, amma nata ne. Shi kuma aka mayar da shi aikin rana, aka ɗaura aure, suka kama haya a lungu na biyu daga gidan Malam Inuwa.

'Yan'uwana matasa, duk wanda zai bar garinsu ya bari don abin da zai je nema, kada ya bari don fushi, domin sau da yawa wanda kake zaton bai damu da kai ba shi ne ya fi kowa kwana da kai a rai. Ku kuma iyaye, kunya ado ce, amma 'ya'yan yanzu ba sa karanta zuciya, ku riƙa buɗe baki ko sau ɗaya ne.

Kada ku zaci Umma ta canza. Har gobe "ke" ce da "yarinyar nan", sunan nan bai sake fita daga bakinta ba. Sai dai kullum da safe, in Mas'uda ta fito za ta Bompai, akwai shuɗin hijabi a bayan rumfar markaɗe. Mas'uda ba ta waiwayawa, don kada ta ba ta kunya. Hannu kawai take fitarwa ta gefen a-daidaita-sahu, ta buɗe tafinta, ta karɓi addu'ar, ta shafa a fuska.