Haladu da Boris a Kwarin Gawo

Ku matso kusa, ba na son ɗaga murya. Abin da ya sami Haladu bakanike zan ba ku, mai garejin nan na bayan tasha.

Wata Talata da hantsi, Isiya direba ya zo masa a kan babur ɗin aro, gumi sharkaf. Motarsa a-kori-kura ta mutu a Kwarin Gawo, kan tsohuwar hanya, ga kwandunan tumatir na manoma bakwai a baya. Kuloci ya ƙone. In ba ta tashi kafin yamma ba, tumatir ya zama ruwa. Haladu ya ɗauki jakar sifanoni ya hau bayansa.

Wurin yashi ne zalla. Ba gida, ba gona, sai wani tsohon gawo a bakin hanya. Suka ɗaga motar da jak, suka sauke giyabos tare. Faifan kuloci ya cinye, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma can a tsakiyar bayan inji akwai wani ɗan zoben ƙarfe da ake kira boris, bai fi bakin kwalba ba, inda kan sandar giya ke shiga. Ya ƙone ya manne a raminsa. In bai fita ba, sabo ba zai shiga ba, mota kuma ba inda za ta.

Isiya ya koma gari sayo faifai da sabon boris, ya ce yanzu zai dawo. Haladu ya shige ƙarƙashin mota shi kaɗai.

Ya sa ƙugiya ya ja, ƙugiya ta miƙe. Ya cika ramin da giris, ya sa guntun ƙarfe ya buga don giris ya turo boris waje, sai giris ya tsarto masa a fuska. Ransa ya ɓaci. Ya kama guduma ya yi ta duka, har rana ta take tsaka.

Abin da bai lura da shi ba, duk bugu ɗaya jak na nitsewa cikin yashi. Sai da ya ji ƙarfen cikin motar ya zauna masa a ƙugu. Ya yunƙura, ina! Hagunsa giyabos, damansa taya. Wayarsa na can sama kan kujera, yana ji ta yi ƙara sau biyu ta gaji. Ya yi kira har muryarsa ta dushe. Kurciyoyin kan gawo ma suka yi tsit.

Wanda ke kwance ƙarƙashin mota, ƙafafu kawai yake gani. Ya ga ƙafafu na tahowa. Na mace ne, da tsohon lalle. Har ya fara hamdala, sai ya duba da kyau. Dugadugai ne a gaba, yatsu na kallon inda suka fito. Kuma ba sawu a yashi.

Ƙafafun suka tsaya dab da taya. Muryar ba daga sama ta zo ba. Daga ƙasa ta fito, daidai ƙeyarsa.

"Bawan Allah, tun hantsi kake dukan rufin ɗakina."

Haladu ya nemi Ayatul Kursiyyu, harshensa ya ƙi juyawa. Da ƙyar ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna. Ban san da mutane ba."

"Ba ka tambaya ba."

Ta gaya masa tana da jinjiri, kwana uku bai runtsa ba, sai yanzu ta samu ya yi barci. Za ta taimake shi, ba don shi ba, don ya tafi. Wani hannu ya zuro ƙarƙashin motar, dogo, ya fi na mutum tsawo. A tafinsa curin wani abu kamar tuwon dawa, da ɗuminsa.

"Cusa a ramin. Bugu ɗaya. Ɗaya fa."

Ya cusa. Ya ɗora guntun ƙarfen, ya buga. Boris ya motsa, ya leƙo rabi. To, hannun da ya shekara ashirin yana riƙe guduma ba ya jiran shawarar mai shi. Kafin Haladu ya ankara, ya ƙara na biyu.

Boris ya faɗo masa a ƙirji. Can ƙarƙashin ƙasa kuma, jinjiri ya tsala kuka.

Motar ta ƙara sauka. Numfashi ya koma masa rabi-rabi. Ƙafafun matar ba su motsa ba.

"Ka tashe shi," in ji ta. "Sai ka kwantar da shi."

Me zai yi? Ba ya iya tashi, ba ya iya juyawa. Sai ya tuna yadda matarsa Ladidi ke bubbuga bayan 'yarsu in ta ƙi barci. Ya shimfiɗa tafin damansa a kan yashi, ya shiga bubbugawa a hankali. Yana yi yana raɗa, "Yi shiru, ɗan mutane. Ni na yi laifi. Yi shiru."

Kukan ya ƙaru. Yana jinsa har cikin haƙoransa. Ƙafafunsa suka mutu, hawaye na gangara cikin kunnensa, bai daina ba. Inuwar taya ta tashi daga wannan gefe ta koma wancan. Fatar tafinsa ta saluɓe. A hankali kukan ya koma shessheƙa, shessheƙa ta koma ajiyar zuciya irin ta yaron da barci ya ɗauke.

Wasu hannaye masu sanyi kamar randa suka kama idon sawunsa, suka zare shi waje kamar ana zare zare daga allura.

"Kada ka ɗago kai sai ka ji babur."

Dab da la'asar Isiya ya iso. Ya tarar da shi kife a yashi, hannu ɗaya na bubbuga ƙasa, jak kuwa ya nitse har wuya. Ya tambaye shi abin da ya faru, Haladu ya ɗora yatsa a baki. Da raɗa suka tone jak, suka nemo wani faffaɗan dutse suka ɗora shi a kai. Haladu ya hana a taɓa guduma. Da babban yatsa ya tura sabon boris, ya shige sumul. Rabin tumatir ya riga ya lalace.

Kwana bakwai Haladu ya yi yana zazzaɓi. Da ya warke, matan unguwa suka gano wani abu: duk jaririn da ya ƙi shiru, in Haladu ya ɗora masa hannun dama, nan take sai barci. Har yau suna kai masa, a bakin gareji, hannu duk baƙin mai. Amma ku je ku gan shi da tsakar rana. Ko abinci yake ci, sai ya ajiye, ya durƙusa, ya karkata kunne, ya bubbuga ƙasa. Ya ce yaron ya saba da shi, ba ya yarda da hannun kowa.

Don haka kada ɗayanku ya bi Kwarin Gawo shi kaɗai. In kuma larura ta sa za ku bugi ƙarfe a daji, ku fara yin sallama, ku ɗan saurara. In kun ji an amsa, ku tattara kayanku.