Kaza Mai Cinyar Hagu Biyu

"Ajiye shi a nan! A'a, ba a hannun 'yata ba, a gabana!"

Mai Kaji ne ya daka tsawar daga kan tabarmarsa. Saurayin ya durƙusa ya ajiye jan kwalin. Yau ce ranar farko da ya zo gaida mahaifin Auta, kuma don wauta ya rasa abin da zai riƙo sai soyayyiyar kaza daga shagon da yake aiki, irin shagunan nan masu gilashi da sanyi, inda ake miƙo maka abinci kafin ka rufe baki.

Kaza! A gidan Mai Kaji! Mutumin da ya shekara arba'in da uku yana yanka yana figa a bakin kasuwa. Gobara ta cinye rumfarsa sau biyu, ya tashi. Annoba ta kwashe masa kaji ɗari huɗu cikin mako guda, ya binne su da hannunsa ya sake sarowa, ko ɗigon hawaye babu. Bai taɓa zama a aji ba, amma likitocin dabbobi ma shi suke tambaya.

"Auta, karanta min abin da ke jikin kwalin nan."

"Baba, don Allah..."

"Karanta!"

"An ce... cikakkiyar kaza, yanka takwas. Ta ishi iyali."

"Madalla. Kawo babban faranti."

Ya wanke hannu, ya shiga ɓare ɓawon fulawar yana tarawa gefe, har tulin ɓawo ya fi tulin nama tsayi. Sannan ya jera yankan ɗaya bayan ɗaya, kamar zai haɗa kazar ta tashi ta tafi.

"Kai, Ɗan Kwali, matso. Mene ne wannan?"

"Cinya ce, Baba."

"Wannan fa?"

"Ita ma cinya ce."

"Ta wace ƙafar?"

Saurayin ya leƙa farantin.

"Ta hagu! Wannan ma ta hagu! Fiffike ɗaya, biyu, uku! Ga ƙirji guda an tsaga shi gida uku don lissafi ya cika. Ina wuya? Ina ƙundu? Ina hanta? A wace duniyar ake kiwon irin wannan kazar?" Ya matse ƙashin cinya da yatsa biyu, ya ruguje. "Ko wata biyu ba ta yi a duniya ba. Nawa kuke sayarwa?"

Saurayin ya faɗa, murya ciki-ciki.

"Kuɗin kaji biyu masu rai a rumfata, har da figa! Ɓarayin zaune!"

"Baba, ni soyawa kawai nake yi..."

"Wanda ya iya miƙa wa mutane tarkace ya ce kaza ce, gobe zai miƙa wa 'yata ƙarya ya ce so ne. Tashi ka ba ni wuri!"

Auta ta bi shi har bakin ƙofa tana shessheƙa. Kunnen tsoho kuwa bai mutu ba.

"Rabin raina, ka yi haƙuri... haka yake..."

"Daina kuka, hasken idona. Zan dawo."

"Hasken idon uban wa? Ke, shigo ciki!"

Kwana uku Auta ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Mai Kaji ya yi kamar bai gani ba, amma shi ma tuwon ba ya wuce masa. Ita ce autarsa, ita ke karanta masa saƙon waya, ita ke ɗiga masa maganin ido. A rana ta huɗu Inna, matarsa, ta tare shi.

"Malam, yarinyar nan za ta kwanta ciwo, kai kuma kana nan kana hura hanci a kan cinyar kaza!"

Auta ta fito ta zube gabansa.

"Baba, ba zan taɓa ƙetare maganarka ba. In ka ce a'a, a'a ce. Amma wallahi ba maƙaryaci ba ne. Mahaifiyarsa da ƙannensa uku, da aikin nan suke ci."

"Ba maƙaryaci ba ne? Ɗauko mayafinki. Mu je in ji da kunnena."

Tsakar rana suka isa, shago cike da jama'a. Mai Kaji ya sayi sabon kwali da kuɗinsa, ya zazzage shi a kan kanta, ya jera. Wannan karon fiffike huɗu ne. Ya ɗaga su sama yana nuna wa layi.

"Jama'a, ku zo ku ga kazar da ta fi jirgi fuka-fuki!"

Aka tuntsire da dariya. Manajan shagon, wani gajere mai tumbi da ƙaramin laktayi ɗaure a wuya, ya fito a fusace.

"Dattijo, nan ba kasuwa ba ce. Ba a yi mana hayaniya."

"Ni kake ce wa hayaniya? Ranar da na fara yanka kaza ubanka bai tsiro gemu ba! Kaza guda ce wannan ko ba guda ba?"

"Guda ce. Kullum da safe ake kawo ta daga gona." Ya juya wajen madafa. "Kai, fito ka gaya wa tsohon nan!"

Saurayin ya fito da hular takarda, gumi na bin wuyansa. Ya ga Auta. Ya ga idon manaja.

Auta ta matsa jikin kantar.

"Masoyi... ka tsare aikinka. Ka tuna Mama. Ni na haƙura..."

Mai Kaji ya ji ta sarai. Amma bai sauke kai ba.

"Muna jin ka, Ɗan Kwali."

Saurayin ya dubi Mai Kaji.

"Ba guda ba ce, Baba. A buhu suke zuwa da ƙanƙara, cinyoyi daban, fuka-fukai daban. Ƙirga takwas kawai nake yi. Fulawar ma sau biyu aka ce in riƙa tsomawa, don yanka ya yi girma."

Shagon ya kaure. Wata mata ta ture tirenta ta miƙe.

"Cire rigar aikin nan!" in ji manaja. "Cire! Kada in sake ganin ƙeyarka a nan!"

Ya cire, ya ninke ta, ya ajiye a kan kanta, ya fita bai dubi kowa ba.

A bakin titi Mai Kaji ya gyara hula.

"Kin ga aikin ubanki? Shago guda na girgiza ni kaɗai!"

"Ka ji daɗi, Baba?"

Ya tsaya. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

"Ka yi nasara! Mutum biyar ka raba da abinci don a ce ka san kaza! Ya yi ƙarya ka hana ni shi, ya faɗi gaskiya uwarsa ta kwana da yunwa. Me kake so ya yi, Baba? Me kake so?"

Kuka ya ci ƙarfinta. Mai Kaji ya juya ya dubi hanya. Can gaba saurayin na shirin tsallake titi.

"Kai! Ina za ka?"

"Gida, Baba. In gaya wa mahaifiyata."

"Dawo nan! Ka iya riƙe wuƙa?"

"A'a."

"Dama na sani. Dubi hannu kamar na jariri. Gobe da sassafe ina son ganin ka a rumfata. Zagi za ka sha safe da yamma, ƙarti sun gudu cikin kwana uku. Ladanka kullum, ka kai wa uwarka. In ka yi wata guda ba ka gudu ba... ka turo manyanka."

"Baba!" Auta ta ƙanƙame hannunsa.

"Sake ni, a titi muke! Ban ce ina son sa ba!"

Saurayin ya yi watan, yatsunsa duk ɗaure da tsumma. Ranar da ya cika, Mai Kaji ya zage shi sau goma sha ɗaya kafin azahar. Sai ga wani mai saye ya raina figar yaron, ya ce a kira masa wanda ya iya.

Mai Kaji ya miƙe tsaye, ya fizge kazar daga hannun mutumin.

"Tafi wata rumfar! Surukina ne wannan. Ni kaɗai ke zagin sa!"