Jakar Tsamiya Mai Motsi

Kakata Hajo kaɗin zaren tsamiya take yi a Haɗejiya, zaren da ake wa manyan riguna aiki da shi. Wata tsutsa mai gashi ce ke saƙa shi. Tsutsotsin su taru su ci ganyen tsamiya, su saƙa jaka guda su shige ciki. Daga baya su fito da fukafukai farare masu zanen ƙasa-ƙasa, kamar malam-buɗe-littafi, sai dai su ba sa tashi sai rana ta faɗi.

Ƙa'idar masu ɗiba ɗaya ce: ki kara kunne a jikin jakar. In kin ji motsi, ki bar ta, da mai ita.

Shekarar da Nasara suka sa aka sare tsamiyoyin bakin gari don hanyar mota, zare ya yi wuya. Hajo ta goya jaririyarta Gana, ta nausa fadama wajen Baturiya. Sai dab da magariba ta samu tsamiya ɗaya a bakin ruwa, da jaka ƙatuwa a reshe.

Ta kara kunne. Ta ji motsi sarai. Amma Hajo da taurin kai, Allah Ya jiƙanta! Ta tsinke ta, ta jefa a kwando.

Kwaɗi suka yi tsit.

Warin tsohuwar daddawa ya taso. Kwandon ya ɗau ɗumi a kanta, yana shhh, shhh.

Sai ga masu fukafukan nan suna fitowa, farare, ba iyaka. Ba su bi ta kanta ba. Bayanta suka nufa.

Gana ta tsala kuka. Kukan ya yanke.

Daga cikin kogon bishiyar wata murya ta ce a hankali, "Baiwar Allah, kin ɗauki nawa. Bar mini naki."

Hajo ta dire kwandon a gindin tsamiyar. "Ga naki, Inna. Ki yi haƙuri."

"Kin riga kin tsinke."

Hajo ta zura da gudu cikin laka, tana Ayatul Kursiyyu, hannu ɗaya a kan goyon.

A gida ta kwance zani. Gana na numfashi, idonta biyu. Amma farin zare ya rufe leɓunanta ruf, sai da aka sa ruwan ɗumi aka ɓare shi.

Hajo ta karya mazarinta a daren.

Gwaggo Gana ta yi shekara saba'in a duniya. Ni na yi mata jinyar ƙarshe, kuma har yau abin na ci mini rai: tana ji, tana murmushi, amma ko "Inna" ba ta taɓa cewa ba.